Ƙazantar Marigayi

Ina cikin shara mai gadi ya kurma ihu: "Iya, ajiye tsintsiyar nan!"

Ɗakin zanen mijina ne fa, wanda suka mai da gidan tarihi. Sun baje tsummokaran fentinsa, da ɓawon ayaba, har da gwangwanin da yake tofa kaki. Tir! Tun ina amarya nake bin bayan mutumin nan da tsintsiya, yau ga baƙi suna leƙowa suna cewa, "Shi wannan ba shi da mata ne?"

Na share tas.

Shugaban gidan ya iso kamar zai yi kuka. "Iya, kin share mana tarihi. Don Allah ki mai da shi yadda yake, ke kaɗai kika san inda yake jefa komai."

Ni? Da girmana? Ya yi ta magiya har na gaji. Na ci ayaba, na runtse ido, na wurga ɓawon bayan ƙofa. Na ƙara wani. Ba wanda ya ce in ɗauke.

Allah ya jiƙanka, ƙazami. Ashe daɗin da kake sha ke nan, ko ɗanɗana min ba ka yi ba.