Mai Bandar Kifi da Tashar Jirgi

Kai da kake cewa duk abin da masana suka auna ba a ja da shi, bari in ba ka wani misali.

Akwai wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku, wanda in ka fita da ƙafa da sassafe, kafin azahar ka zagaye shi. Tsaronsa da hulɗarsa da waje suna hannun wata babbar ƙasa da ke ƙetaren ruwa, har ta ajiye wakilinta a can, amma al'amuran gida na mutanen tsibirin ne. Su ke zaɓen majalisa mai mutum tara, ita kuma majalisar ta fitar da ɗaya daga cikinta ya shugabanci gwamnati. Wata shekara kujerar ta faɗa kan wata dattijuwa mai bandar kifi, wadda hayaƙi ya rine mata ido ya yi ja. Babbar damuwar da ta tarar ita ce tsibirin ba shi da tasha. Jirgi yakan tsaya can nesa a yi ta jigila da kwale-kwale, buhunan shinkafa su jiƙe, marar lafiya kuwa sai an naɗe shi a tabarma an ja shi sama da igiya. Ana nan sai babbar ƙasar ta yi alkawarin gina musu. Injiniyoyi suka zo da rani, suka yi mako uku suna awo, suka ce a gaɓar gabas za a gina, don nan ruwa ya fi zurfi. Ba abin da ya rage sai sa hannun shugaba. Ta ƙi sawa. Shekara talatin tana bandar kifi, kuma yawancin itacen da take hurawa a gabas take tsinto shi bayan kowace damina, katakon jiragen da igiyar ruwa ta farfasa. Wakilin ya same ta a ofis ya ce, "Ranki ya daɗe, mutanen nan karatunsu ke nan. In kika tsaya gardama, aikin zai iya komawa wani tsibirin." Ta ce, "Ranka ya daɗe, tekun nan yana barci suka gan shi. A kafa turaku a gabas, a kafa a yamma, mu bar damina ta yi mana alƙalanci. In ni ce da kuskure, zan sa hannu, in kuma sauka daga kujerar." Wakilin ya yi ta kai-komo da manyansa, da ƙyar suka yarda a jira. Aka kafa turakun ƙarfe shida a kowace gaɓa.

Daminar nan ta yi mata tsawo. Mutanen da suka zaɓe ta suka daina gaishe ta a hanya, mata suka sa ta a waƙar habaici a bakin rijiya, wai mai ƙaurin kifi ta fi mai takarda sani. Ƙanenta ciki ɗaya, wanda shi ma ɗan majalisa ne, ya miƙe ya nemi a tsige ta, aka ƙirga hannu, ta sha da biyar da huɗu. Ranar da wani kwale-kwale ya kife da kayan asibiti, ta tsaya a bakin ruwa tana kallon kwalaye suna yawo, tana tambayar kanta ko taurin kai ne kawai take kira sani. Duk da haka ba ta janye ba. Da ruwa ya ɗauke, gari kaf ya bi ta zuwa gabas, har da wakilin da babban injiniya. Turke ɗaya tak suka tarar, shi ma ya lanƙwashe kamar lauje, sauran biyar ko alamarsu babu. Suka ratsa zuwa yamma, ga shida nan cif a tsaye, tsuntsaye sun jeru a kansu. Injiniyan mutumin kirki ne. Ya naɗe taswirarsa, ya russuna ya ce, "Baba, nuna mini ta inda ruwan yake juyawa." Ta tattare zani ta shiga gaba, yana biye yana rubutawa. Shekara biyu aka gama tasha a yamma. Ranar da jirgin farko ya jingina da ita, ganguna suka tashi, guɗa ta cika gaɓa, tsofaffi suna hawa jirgi suna sauka da ƙafarsu ba don za su ko'ina ba, sai don daɗi. Da zaɓe ya zagayo, duk tsibirin ba wanda ya fito takara da ita.

Ilimin masana ba ƙarya ba ne, da shi aka gina tashar. Amma Hausawa sun riga sun faɗa: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.