Uwar Jirgi

Tana kankare katantanwar da ta manne a gindin jirgin ruwan marigayi mijinta, sai ga wansa da sanda a hannu.

"Wahalar me kike yi? Na samo mai saye."

"Ba na sayarwa ba ne, Yaya. Sanyi ya wuce. Masu hutu sun kusa cika gaɓa, ni zan zaga da su tsibiri."

Ya yi dariya har da tari. "Ke? Kin taɓa taka cikinsa? Uwar jirgi, aljanar da ke tsaronsa, ba ta son ƙafar mace. Ranar da kika hau, ranar za ta kife da ke."

Ta gama kankarewa, ta yayyafa gishiri da giyar shinkafa a goshin jirgin kamar yadda mijinta yake yi duk bazara. Sannan ta kama igiya ta haura, gwiwoyinta suna ƙara.

"Sauko, kar ki ja mana masifa."

Ta durƙusa gaban ɗan ramin da kafinta ya toshe da katako, mazaunin uwar jirgi, ta ɗora tafinta a kai.

"Yaya, me ake sakawa a nan kafin a ce jirgi ya yi rai?"

"Kowa ya sani. Gashin mace."

"To nawa gashin aka yanka aka saka, ina amarya. Tun ranar nake fita teku. Bana dai da sauran jikina zan tafi."