Ƙofar Bayan da Aka Toshe

Tunda ka ce dokar gyaran wurin aiki takura ce kawai ta masu riƙe biro, bari in ba ka misali, in ka ga dama ka ɗauka.

Wani kafinta ne mai haɗa kujerun kushin, Allah ya buɗa masa, har ya ga tsohuwar ma'aikatarsa ba ta dace da sunansa ba. Ya ɗauko magina da mai walda, za a shimfiɗa tayil, a yi gaban gilashi, a sa wa kowace taga ƙarfe saboda ɓarayi. Jami'in da ke duba irin waɗannan wurare ya zo ya gaya masa abin da doka ta ɗora a wuyansa, shi mai wuri: a fitar da ma'aikata har a gama, a kwashe soso da gam daga inda za a yi walda, a ajiye tukunyar kashe gobara, ƙofar baya kuma a bar ta a buɗe. Kafinta ya ce to, ya raka shi har bakin titi da fara'a. Amma lokacin bukukuwa ne, kujerun amare sun yi masa yawa, rufe wuri ko na 'yan kwanaki ji yake kamar a yanke masa hannu. Ƙofar bayan kuwa da ma haushinta yake ji, ta nan ma'aikata ke sulalewa su tafi shan shayi. Ya sa aka jera mata bulo, aka yi filasta, aka shafe da fenti, kai ka ce ba a taɓa yin ƙofa a wurin ba.

Ranar da ake sa ƙarfen taga ta ƙarshe, mai walda na waje, ma'aikata na ciki, tartsatsi ya faɗa kan tulin soso. Duk wanda ya san soso ya san ba ya jiran a ɗebo ruwa. Wutar ta tashi tsakanin mutane da ƙofar gaba, ita kaɗai ta rage musu. Suka ruga baya, suka tarar da bango. Suka koma tagogi, ga ƙarfe sabo fil, mai walda bai yi ha'inci ba. Cikinsu har da ƙanen kafintan, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya miƙo hannu ta tsakanin ƙarafa, yayan ya kama daga waje yana ja, yana kiran sunansa, har hannun ya saki.

Kotu ta ɗaure kafintan, ya yi zamansa ya fito, amma wannan shi ne mai sauƙin. Mahaifiyarsu ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. In ya durƙusa gaisuwa takan amsa, sannan ta juya fuskarta ga bango, kuma a haka ta koma ga Allah. Abin da ke ci mini rai shi ne, a layin nan nasa har gobe masu shago toshe ƙofofinsu suke yi, kowa na ganin wuta ta maƙwabci ce. Ni dai na gaji da faɗa. Shi ya so wurinsa ya yi kyau ne kawai, kamar yadda kake so, sai ta tabbata a kansa: garin neman gira, an rasa ido.