Kwalta Har Ƙofar Malam Cindo

Tun da ƙaramar hukumarmu ta sallami ma'aikatan tsara gari ta ɗauki na'ura, ba a gyara hanya sai inda na'urar ta hango za a yi taro. Ba ta taɓa yin kuskure ba.

Yau da safe aka shimfiɗa kwalta har ƙofar gidan Malam Cindo, aka kafa fitila da famfo. Tsohon ya fito da tabarmarsa yana ta murmushi.

Matarsa Dije ta leƙo daga zaure, jikinta a sanyaye. "Malam, ba mu da biki, ba mu da suna. Taron mene ne?"

Ya shafa kwaltar, da sauran ɗuminta.

"Ko na mene ne, Dije, dubi faɗinta. Ashe ina da jama'a."