Ƙwaya Biyar, Salla Biyar

Wata biyu cif Wada, masunci a Bagauda, bai rasa jam'i ba, shi da a da barci kan kai shi hantsi. Tun ranar da fitsarin gizo-gizo ya feso masa a haƙarƙari, ƙuraje masu raɗaɗi kamar garwashi, matarsa Dije ta karɓo magani daga asibiti. Ta ce ƙa'idarsa ƙwaya guda bayan kowace salla a masallaci, in aka tsallake ɗaya, ciwon zai dawo.

Ƙuraje sun bushe tuntuni, magani kuwa ya ƙi ƙarewa. Ran nan ya tasa ta gaba suka koma asibiti.

"Likita, wannan magani har yaushe?"

Likita ya juya ƙwayar a tafinsa. "Baba, maganin ƙwayar cutar da na rubuta maka na kwana bakwai ne kacal, sau biyar a yini. Wannan bitamin ne."

Wada ya juyo ya zuba wa Dije ido. Ita ko ta gyara mayafinta.

"Malam, sai dai ka daure ka ci gaba da sha. Jiya liman ya aiko, kai za a ba ladanci."