Taku Goma, Juya Ciki

Asabar ɗin farko ta kowane wata Christophe yakan sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Château Rouge cikin Paris, ya nuna kilishi da yatsa, ya biya, ya wuce tashar jirgin Lyon. Shekara biyu ke nan bai fasa ba. Mai kilishin har ta daina yi masa tayi, da ta hango shi sai ta fara naɗewa.

Kilishin na Ilya ne, mutumin da Christophe ya karya wa gwiwa.

Duk wanda ke bin ƙwallon Amurka a Faransa ya san Ilya. Aikinsa a filin wasa shi ne ya ruga, ya kuɓuce wa masu tsaro, ya cafe ƙwallon da aka jefo masa. Daga filin unguwarsu a Rillieux-la-Pape, gefen Lyon, ya taso har ƙungiyar Lyon ta ɗauke shi da albashi, kuma a shekararsa ta huɗu ya fi kowa cafe ƙwallo a gasar. Wata ƙungiya a Amurka ta gayyace shi gwaji. Saura wasa ɗaya ya tafi, wasan da za su buga da Paris.

Mai jefa masa ƙwallo shi ne Abdul'aziz, abokinsa tun suna yara a bene ɗaya, kuma mijin ƙanwarsa Kausar. Iyayensu duka mutanen Damagaram ne. Suna da wata dabara tasu su biyu: in an jeru za a fara, sai Abdul'aziz ya kwarma wa Ilya hanyar da zai bi da Hausa, a gaban kowa. Turawa suna tsammanin addu'a ce.

Ranar nan Ilya ya yi taku goma ya juya ciki, sai ya tarar Christophe, mai tsaron bayan Paris, ya riga shi isa wurin. Ƙarar karyewar har 'yan kallo suka ji. Tafiya Amurka ta ƙare a gadon asibiti.

Ilya bai taɓa riƙe Christophe a zuciya ba. "Wasa ne, ɗan'uwa, aikinka ka yi," haka yake ce masa da Faransanci duk zuwa. Wannan maganar ta fi zagi ciwo, don Christophe yakan koma Paris da ita kamar ya haɗiyi ƙaya.

Wanda Ilya ya riƙe shi ne Abdul'aziz. Wata uku bayan wasan Abdul'aziz ya koma ƙungiyar Paris, kuma a wurin Ilya magana ta fito fili: surukinsa ya sayar musu da sirrin don su ɗauke shi. Ya goge lambarsa. Kausar ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ta gaji.

Wannan Asabar Christophe ya tarar da gidan a hargitse. Hajiya Maryama, mahaifiyar Ilya, ta karɓi kilishin ta gutsura wa Christophe, ya ce ya tuna masa da na kasuwar Garoua a Kamaru, inda mahaifiyarsa take sayar da atamfa kafin su taho Faransa yana ɗan shekara sha biyu. Ba wanda ya kula. Jakar tafiya tana bakin ƙofa, Hajiya kuma ta juya ga ɗanta da Hausa, kamar yadda suka saba yi a gaban baƙon in maganar ta gida ce.

"Gobe suna, Ilya. Ɗan ƙanwarka na fari. Sunanka za su sa mishi, ka ji?"

"Su sa mishi na mai ƙungiyar Paris."

"Kausar ta ce in ba ka zo ba, kar ka ƙara kiran ta ƙanwa. Ni ku biyu gare ni. So kake in mutu kuna gaba?"

"Mama, mu biyu kaɗai muka san kiran nan. Ni ban faɗa ma kowa ba. To wa ya faɗa?"

Hajiya ta share ido da bakin mayafi. "Iskar nan ma ta ishe ni," ta ce ƙasa-ƙasa. Christophe ya tashi ya rufe tagar, ya koma ya zauna yana kallon tafin hannunsa.

Shekara biyu yana zama a kujerar nan yana cin tuwon Hajiya, ana kiran shi mutumin kirki. Sau nawa ya shirya maganar a cikin jirgi, ya iso ƙofa ya haɗiye ta? Tsoro yake ji, ba wani abu ba. Gidan nan ne kaɗai inda aka yafe masa, kuma ya san rabin laifin kawai aka yafe. Sauran rabin wani ya bari yana ɗauke masa.

Ilya ya jawo sandarsa ya miƙe da ƙyar. "Yi haƙuri, Christophe," ya ce da Faransanci, "maganar gida ce. Zo mu kalli wasa."

Hajiya ta sunkuya ta ɗauki jakarta ita kaɗai. Madaurin ya suɓuce mata sau biyu.

Christophe ya miƙe ya riƙe mata jakar. Ya dubi Ilya ido cikin ido, ya yi magana, kuma ba da Faransanci ba.

"Taku goma, juya ciki," ya ce da Hausar kasuwar Garoua. "Ba wanda ya sayar da kai, Ilya. Da kunnena na ji."