Kunnen Basbusa

Takarda ta arba'in ke nan Fiddausi ta manna a bangon unguwar Arba wa Nus da ke birnin Alƙahira, amma har yanzu ko ƙeyar Basbusa ba ta gani ba.

Basbusa kyanwar Hajja Fatna ce, tsohuwar da ta ba Fiddausi ɗaki. Tun daga Umdurman ta Sudan ta ɗauko ta a kwando, kuma da za ta tafi umra ta damƙa ta amana a hannun Fiddausi. Kwana uku da tafiyarta, kyanwa ta bi taga. Jibi Hajja za ta dawo.

Abin haushi, ko hotonta ɗaya babu a waya, sai dai a katako. A jami'a can Giza Fiddausi ke koyon bugun hoto irin na mutanen Japan na da, masu son kyanwa kamar me: ga ta tana barci a taga, ga ta sanye da riga kamar mutum. A sassaƙa katako, a shafa tawada, a kifa takarda, a murza, a ɗaga. Ita kuwa Fiddausi, Basbusa ta sassaƙa, tana kallo tana yanka, har yagaggen kunnenta na hagu. Malamin ya sha cewa a duba zane a madubi kafin a sa wuƙa. Wa yake da wannan lokacin?

Wannan katakon ta buga a gurguje, ta rubuta lambarta da biro.

Kira kam an sha. Wani ya kawo mata wata kyanwa baƙa ƙirin. Wata ta tambaya ko hoton na sayarwa ne. Fiddausi ta yi tsaki har bakinta ya gaji.

Da takaici ya ishe ta, ta tsaya wurin Ammu Tarig mai sayar da wake, wanda ya manna takardar a jikin kekensa.

"Ma'alish, yi haƙuri, 'yata," in ji shi. "Wata kyanwa ta yi kwana huɗu ƙarƙashin keken nan, kamar an tsaga kara da taki. Sau biyu ina gwada ta da hoton. Jiya na ba wani direba mai zuwa Aswan, can kudu mai nisa, ya kai wa 'ya'yansa, ko sunansa ban sani ba. Kwantar da hankalinki, ba taki ba ce."

Ta tambaye shi yadda ya tabbatar. Ya ɗora yatsa kan takardar.

"Taki kunnen dama ne a yage, waccan kuwa na hagu."

Fiddausi ta ƙura wa takardar ido, sai yanzu ta gani: abin da aka sassaƙa a hagu, a dama yake fita.